Ƙarfe Uku da Minti Arba'in

Mu goma sha ɗaya ne a Bacolod,
sha biyu in an ƙirga kakar Dionisio,
wadda kunnenta na hagu ya daɗe da ritaya
amma ta fi kowa kati a waya.

Waƙar Luzviminda ta fito ran Talata.
Laraba rediyo shiru. Alhamis shiru.
Tashar da ke bayan kasuwar kifi
ta yi ta juya tsofaffin faifai
kamar mai gasa masara ɗaya tun safe.

Na san yarinyar nan tun tana sayar da ruwan rake
a bakin shagon ɗinkina,
tana rera waƙa tana ba da canji.
Canjin kullum da kuskure. Muryar babu.

Sai muka raba awanni kamar naman watanda.
Efren mai babur mai ƙafa uku ya ɗauki asuba,
tagwayen gidan Jalandoni suka ɗauki bayan tashi daga makaranta,
ni aka bar mini dare,
tunda allura ba ta san barci ba.

Na kira a matsayin Perlita. Na kira a matsayin Amparo.
Na toshe hanci na zama wani Rodel mai gadi.
A kira na bakwai mai gabatarwa ya tuntsire da dariya:
"Baiwar Allah, kowane suna kika zo da shi
keken ɗinki ɗaya ne ke kuka a bayansa."
Kunya ta sauko mini har tafin ƙafa.
Na ajiye waya, na ɗinke hannun riga a baibai.

Kwana tara.
Efren ya jinginar da agogonsa ya sayo kati.
Guda cikin tagwaye ta yi fushi ta fice,
ta ce tsuntsun da ya tashi ba ya waiwayen reshe,
wa ya ce tana tuna mu a Manila?
Kowa ya dubi ƙasa. Ni ma ba ni da amsa.

Kaka ce ta ɓalle ƙofar.
Ba ta roƙi kowa ba. Ta riƙe layi minti ashirin
tana ba mutumin labarin ciwon gwiwarta,
da farashin shinkafa, da mijinta da teku ta ci,
ba ta jin "sai an jima" da yake ta maimaitawa,
har ya gaji ya ce, "Kaka, me kike so in sa?"
Wannan kam ta ji shi sarai.

Ya cika alkawari, amma irin cikawar mai jin haushi:
ƙarfe uku da minti arba'in na dare,
ana ruwa kamar da bakin ƙwarya,
wuta ta ɗauke tun sha biyu.
Rediyona ya mutu. Wayata ta mutu.
Ina zaune cikin duhu da almakashi a cinya
sai na jiyo ta, can ƙasan layi,
siririya, tana ratsa ruwan sama.

Na fita ba takalmi.
Gidan burodin Tiburcio ne,
ƙaramin rediyo mai batir rataye a ƙusa,
maza huɗu, gari har gwiwar hannu,
ba wanda ya san sunanta a cikinsu.
Ɗaya ya daina murza ƙulli, ya ce, "Wace ce wannan?"
Na buɗe baki in ce tamu ce,
ruwa da hawaye suka riga ni.
Suka ba ni burodi mai zafi, na tsaya a ƙofa
har aka shiga tallan maganin tari.

Ba ta kira mu ba. Har yau.
Agogon Efren na nan a hannun mai jingina.
Amma shekaranjiya wata baƙuwa ta kawo siket a rage mata,
ina gwada ƙugunta, allura a bakina,
sai na ji tana gunguni da amshin,
tana ma kuskure a baiti na biyu.
Ban gyara mata ba.
Na rage mata peso goma.